Ai Taka Ce, Ranka Ya Daɗe

Duk baƙon da ya shiga falon Rufaida a unguwar Taman Melati da ke Kuala Lumpur, kafin a kawo masa ruwa ya riga ya tambayi hotunan da ke jere a bango. Ba na biki ba ne, ba kuma na dangi ba. Hotunan tankokin yaƙi ne, irin waɗanda manyan injiniyoyin duniya suka zana, aka yi ta cika baki a kansu, suka kuma mutu ba su taɓa leƙa filin daga ba. Akwai ta Rashawa mai tayoyin gaba biyu da suka kere bene tsawo, wadda ranar gwaji 'yar ƙaramar tayar bayanta ta kafe a laka, aka watse aka bar wa tsatsa ita a daji. Akwai ta Jamusawa da aka yi ta lafta wa ƙarfe har aka rasa gadar da za ta ɗauke ta. Akwai wadda aka ɗaura wa fukafukai wai don ta sauko daga sama, jirgin da ke janta ya ɗau zafi ya sake ta tun ba a je ko'ina ba. Rufaida ba ta jin tausayin ko ɗaya daga cikinsu. Takan ce cutarsu ɗaya ce, an zana su ne don wani babba ya gani ya gyaɗa kai, ba don su taka ƙasa ba.

Guda ɗaya ce take ɗaga wa ƙafa, wata mai sarƙa huɗu maimakon biyu, jikinta kamar an kifa kwano a kan kwano. Ita ma ɗaya tak aka ƙera, aka ce ta yi nauyi, aka tura ta gidan tarihi. Amma Rufaida ta ga hankali a sarƙoƙin nan. Yayanta Abdulgani soja ne, ya sha ba ta labarin yadda damina ke yi da motoci a gefen tafkin Chadi, ƙafafu su nutse, ciki ya zauna daram a taɓo, maza su sauko suna haƙa da shebur. Sarƙa huɗu na raba nauyi, ba ta kuma barin cikin da zai zauna. A kan wannan ta gina aikin digirinta na biyu a fannin injiniya, ta ƙera ƙaramin samfuri mai girman akwatin lefe, wanda ake tuƙawa da rimot. Kowace gaɓa ta sarƙoƙin sai da ta bi layi a ɗakin ƙere-ƙeren jami'a aka yanka mata, ta dawo gida ta goge da hannu har yatsunta suka yi kanta. Shekara biyu da ɗoriya abin ya ci, kuma babu na biyunsa.

Ranar Alhamis za ta tsaya gaban masu jarraba ta. Farfesa Azlina, malamar da ke duba aikin, ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa lissafin takarda ba zai fitar da ita ba, sai kwamiti ya ga abin da idonsa yana ratsa kwamin laka. An riga an ɗaga mata ranar sau ɗaya lokacin da injin ya ƙone, ba a kuma ɗagawa sau biyu. Ga tallafin karatu da bizar zama duk ƙarshen wata za su ƙare. Ko dai tankar ta yi tafiya ranar Alhamis, ko Rufaida ta koma Bichi ba digiri.

Sai kuma mijinta, Datti. Shi ya kawo ta Malesiya, yana digirin digirgir a fannin mulki, kuma babi na uku na kundin digirin ya ga haihuwar 'yarsu Zahra, ya ga yayenta, ya ga shigarta makaranta, yana nan inda yake. Ba wai Datti ba ya aiki ba ne. Shi ne shugaban ƙungiyar ɗaliban jiharsu, kuma babu mai babbar rigar da zai sauka a Kuala Lumpur ba Datti ne ya riƙe masa jaka ba. Ya san wane babba ne ke shan shayi ba sukari, ya san wanda Yallaɓai ta ishe shi da wanda sai an ce Maigirma. In waya ta shigo daga gida, tun kafin ya ɗauka ya fara rusunawa, Rufaida na kallonsa daga kicin yana durƙusa wa firji. Da farko dariya abin yake ba ta. Daga baya dariyar ta ƙare, rainin ya tsaya, ba ta kuma wahalar da kanta wajen ɓoye shi.

A makon ne aka turo kwamiti daga gida ƙarƙashin wani Alhaji Ubale, wai su duba halin da ɗalibai ke ciki. Sun kuwa duba. Sun duba shagunan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman ɗaya bayan ɗaya, sun duba hawan jininsu a asibiti, sun hau dogon bene sun duba gari daga sama. Ɗalibai aka ware wa yammacin Asabar.

"Maman Zahra, gobe ki taho da motar nan taki," in ji Datti ranar Juma'a, yana goge takalmi.

"Ba mota ba ce. Kuma ba inda za ta."

"Haba! To me za mu nuna musu? Mus'ab zai karanta waƙa, Kamila za ta yi jawabin godiya. We need something solid, abin da za su gani su san scholarship ɗin nan ba a banza yake tafiya ba. Su gani kawai, ki mayar da abarki kwali."

"Viva ɗina ranar Alhamis ne, Abban Zahra."

"To cinye ta za su yi?"

Ta yarda, ba don ya fi ta hujja ba. Gaskiyar magana ita ma tana so a gani. Ta gaji da matan ƙungiya da ke tambayarta ko har yanzu tana nan tana wasa da ƙarafa.

An yi taron a zauren da ke ƙasan benensu. An yo tapau, wato ƙunshin abinci, na shinkafa da kaza daga wajen mamak, masu gidan abincin unguwa, mata sun soya waina, Datti ya sha rigar da ya yi ɗaurin aure da ita. Alhaji Ubale ya iso bayan abinci ya huce. Gajere ne mai faɗi, mai taushin murya, irin mutanen da ba sa ɗaga hannu don ko me suke so wani zai miƙo. Bayansa akwai yaronsa Kabir, ƙato mai gemu, riƙe da wayoyi. Alhaji ya yi gyangyaɗi a waƙar Mus'ab, ya farka a tsakiyar godiyar Kamila ya ce madalla. Sai da aka ce a fita waje a ga abin da matar shugaba ta ƙera sannan ya buɗe ido sosai.

Ruwan la'asar ya ɗauke ke nan, filin bayan zauren ya zama taɓo. Rufaida ta sauke tankar a bakin ciyawa, ta gyara mayafi, ta danna. Abar ta yi ƙara ƙasa-ƙasa, ta shiga lakar kai tsaye. Inda takalmin mutum zai nutse har idon sawu, ita sai ta bi ta kai tana barin layi huɗu a bayanta. Ta hau tudun yashin da magina suka bari, ta gangaro, ta juya a wuri ɗaya, ta dawo ta tsaya a gaban Alhaji tana ɗigar da ruwa. Aka ɗau tafi. Rufaida ta ji daɗi har cikin ranta, ba za ta yi ƙaryar ba ta ji ba.

"Kai, kai, kai!" in ji Alhaji Ubale. Ya sunkuya iyakar yadda cikinsa ya bari. "Mace ce ta yi wannan? Wallahi abin nan ya shiga raina. Ka ga da a ce yana kan teburin ofishina, duk wanda ya shigo ya ga abin da yaranmu ke yi a waje."

Datti ya matso, hannu a ƙirji, ya rusuna har hularsa ta nemi faɗuwa.

"Ai taka ce, ranka ya daɗe."

Kowa ya san yadda ake yi. Babba ya yaba abinka, ka ce nasa ne. Shi kuma ya dafa abin, ya sa albarka, ya ce ya karɓa ya bar maka. Kai ka fita kunya, shi ya fita da girmansa, abu na nan inda yake. Alhaji Ubale ya san wannan sarai, a cikinta aka haife shi. Ya dai daɗe da gano cewa in ya tsaya a rabin farko na al'adar, ba mai iya tuna masa rabi na biyu.

"Madalla, madalla. Allah ya yi albarka," ya ce. "Kabiru, sa a mota."

Wani ya yi kabbara, aka amsa. Kabir ya rungumi tankar da lakarta da komai, ya nufi but ɗin mota. Rufaida na tsaye da rimot a hannu, mata na ta rungumarta suna taya ta murna. Ta dubi Datti, ta ga yana gyara tsayuwa kusa da Alhaji don a ɗauke su hoto.

Ba ta yi magana a gaban mutane ba. Sai da suka hau sama, ta tura Zahra ɗaki, ta rufe ƙofa.

"Abban Zahra, da ka ce tasa ce, taka ce?"

"Ki tsaya ki ji. It's just protocol. Ni ina na san zai ɗauka?"

"Ba ka sani ba? Kai da ka san yawan sukarin shayinsa?"

"To me kike so in yi? Mutum kamar Alhaji ya yaba abu a gaban jama'a, in yi shiru kamar wanda ba a yi wa tarbiyya ba? A ce shugaban ƙungiya marowaci ne?" Ya cire hula ya ajiye, sai kuma fuskarsa ta washe, alamar wata dabara ta faɗo masa. Ya nuna hoton tankar Rashawa mai manyan tayoyi. "Ba ke kika ba ni labarin wannan ba? Kika ce wanda ya zana ta ɗan samfurin katako ya kai wa sarkinsu, sarki ya yi ta wasa da shi a kan darduma, ya riƙe abin, ya ce a buɗe baitulmali a ƙera babbar. To ga naki sarkin Allah ya kawo miki har gida. This is how things happen, Maman Zahra. Ke ba ki san siyasa ba."

"Ka ji farkon labarin. Ka tsaya ka ji inda tankar ta ƙare?"

Bai tsaya ba, Datti bai taɓa tsayawa jin ƙarshen labari ba. Ta dube shi, mutum har mutum, ga tsawo ga murya, amma ko hannun rigarsa wani babba ya yaba sai ya yanke ya miƙa. Ta ji ta raina shi raini mai nauyi, irin wanda ke hana mutum cin abinci. Ta ce ya je ya karɓo mata abarta, ko ta wace hanya ce, ita ba ruwanta.

Ya tafi ranar Litinin da sassafe, da alkawarin ba zai dawo ba sai da ita. Ya dawo da la'asar yana ƙamshi, riƙe da kwalbar turaren da Alhaji ya ba shi. Ya ce mutane sun yi yawa a ɗakin, bai samu fuska ba. Ya ce amma tankar na nan lafiya, an ma wanke ta. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce Kabir ya yi maganar rimot, wai Alhaji na so a kai.

"Sai dai a yanke hannuna a kai masa da shi," in ji Rufaida. Ta ɗauki rimot ɗin ta sa a jakarta, daga ranar ko banɗaki za ta shiga da jakar take shiga.

Ta je wurin Farfesa Azlina washegari, ta yi ta kewaye-kewaye, don ta rasa yadda za ta ce mijinta ya yi kyauta da jarrabawarta. Ta dai tambaya ko bidiyon gwajin baya zai wadatar. Farfesa ta cire tabarau ta dube ta.

"Cannot lah, Rufaida," ta ce, sannan ta ƙara da cewa ɗaya daga cikin masu jarrabawar daga wani gari zai taso musamman don ya ga abin yana tafiya. In wani abu ya lalace a faɗa mata yanzu, a nemo mai gyara. Rufaida ta ce ba abin da ya lalace.

Ranar Laraba da yamma jirgin su Alhaji zai tashi. Da hantsi Rufaida ta ɗauko kwalin tankar, wanda ta yanka wa soso daidai jikinta, ta sa mayafi ta fita. Datti ya biyo ta har tashar jirgin ƙasa yana magiya. Ya ce ta rufa masa asiri. Ya ce ba a taɓa yi ba, a ba babba abu a dawo a ce ya kawo. Ya ce labarin zai riga su isa gida, ba shi kaɗai ba, har iyayenta sai an zaga. Ta shige jirgi, ya bi ta. A cikin jirgin ta ɗora kwalin a cinya tana jera maganarta. Ba za ta yi rashin kunya ba, ba kuma za ta yi kwana-kwana irin na Datti ba. Za ta ce, ranka ya daɗe, abin nan jarrabawata ce, gobe ake bukatarsa, in na gama ni da kaina zan aiko maka. Magana ce da ko Zahra za ta iya faɗa. Ta saci kallon mijinta yana share gumi a cikin sanyin jirgi, ta yi tsaki a ranta.

Suka sauka a tashar Masjid Jamek, suka ratsa ta gaban shagunan yadi har otal ɗin. A ƙasa Datti ya ce ƙafarsa ba za ta iya hawa ba, ya nemi kujera ya zauna. Ta ce dama ba ta sa ran za ta iya ba.

Kabir ya bar ta a tsaye a baranda har aka yi azahar, sannan ya buɗe mata. Ɗakin ya cika da ɗaurin yadi da jakunkuna, ko'ina leda. Tankar na kan tebur a tsakiya, an wanke ta fes, an ɗora mata faranti da ɓawon lemo a kai. Rufaida ta ƙirga sarƙoƙin da ido, duk suna nan. In ta miƙa hannu za ta taɓa ta.

Alhaji na kishingiɗe a doguwar kujera da carbi. Ta ajiye kwalin, ta durƙusa ta gaishe shi. Idonsa ya sauka kan kwalin, ya ɗan daɗe a wurin, ya dawo kanta. Mutumin da ya shekara talatin ana zuwa gabansa da bukata ba ya bukatar a gaya masa abin da kwali babu komai a ciki yake nufi.

"A'a, injiniya da kanta! Zauna, zauna. Ni kuwa ban tambaye ki ba ranar nan, 'yar wane gari ce?"

"Bichi, ranka ya daɗe. Dama na zo ne..."

"Bichi! Gidan wa?"

"Gidan Malam Hadi, tsohon hedimasta."

Alhaji ya tashi zaune, ya tafa hannu. "Hadi Dogo? Wanda ya yi kwalejin horon malamai? La ilaha illallahu! Ke, ɗakinmu ɗaya da ubanki. Shi yake tashinmu sallar asuba da ruwan sanyi. Ashe 'yata ce ke! Yana raye? Kira min shi yanzun nan. Kira shi, ki sa a sifika."

Ba yadda za ta yi, ta kira. A Bichi gari ya waye ke nan, ta san yana zaune a kan buzunsa a soro, ya dawo daga masallaci. Tun da ya yi ritaya ba wani mai muƙami da ya taɓa nemansa, ɗaliban da ya koyar sukan wuce shi a mota su ɗaga hannu. Da ya gane mai magana sai muryarsa ta canja, ta koma ta saurayi. Suka yi ta ihu suna kiran sunayen mutanen da rabinsu sun mutu. Rufaida na durƙushe riƙe da waya, tana jin dariyar da rabon da ta ji ta tun kafin rasuwar mahaifiyarta.

"Hadi, ka haifi 'ya," in ji Alhaji, yana kallon Rufaida da murmushi. "Ka san me yarinyar nan ta yi? Abin da ta ƙera da hannunta, tankar yaƙi sukutum, na ce ya burge ni kawai, ta ɗauka ta ba ni. Ko ƙifta ido ba ta yi ba. A zamanin nan da yara ba sa ba ka ko wurin zama a mota. Na ce wannan daga gani gidan mutunci ta fito, ashe taka ce."

Da Malam Hadi ya amsa, muryarsa na rawa.

"Rufaida, kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Allah ya yi miki albarka. Ban tara muku komai ba, ke ma kin sani. Abin da na ce muku kullum shi ne kada abin hannunku ya fi mutum daraja a wurinku. Yau na san kin ji. Kin ɗaga kaina, 'yar nan, kin ɗaga kaina a gaban abokina. Bari a yi azahar, sai na faɗa a masallaci." Ya ja numfashi. "Gobe ne jarrabawar, ko? Muna nan muna ta addu'a."

"Za ta ci, Hadi," in ji Alhaji. "Irin wannan ai ba ta faɗuwa." Ya gyara zama, ya ja carbinsa, bai ce a kashe wayar ba. "To 'yata, kin ce kin zo ne. Me ke tafe da ke? Faɗi ko mene ne, ga ubanki yana ji."

Maganar na nan a bakinta yadda ta jera ta a jirgi, ba abin da ya ɓace. Ta san abin da Alhaji ya yi, ta san ya san ta sani, ta kuma tsane shi tsana mai tsanani a wannan lokacin. Amma tana jin numfashin tsohon a waya, yana jira da murnarsa. In ta faɗa, a kunnensa za ta faɗa. Zai ji abokin nasa ya ce ashe kyautar ta aro ce, zai ba da haƙuri da wannan muryar mai rawa, ba kuma zai je masallaci da labari ba. Sai ta ga hannunta ya zuge jaka.

"Abin tuƙinta na kawo, Baba," ta ce, ta miƙa rimot ɗin da hannu biyu. "An manta ba a haɗa da shi ba."

"Ka ji ko, Hadi? Ka ji irin tarbiyyar?" Alhaji ya karɓa ya ajiye a gefe ko dubawa bai yi ba. "Har da kwali ta kawo. Dama muna ta tunanin yadda za a ɗauke ta. Kabiru, zo ka sa ta ciki."

Kabir ya cafko tankar ta sarƙa ɗaya, zai cusa ta a kife. Rufaida ba ta san lokacin da ta ce ya bari ba. Ita ta sauke farantin lemon. Ita ta cire batirin ta ce a riƙe shi a jakar hannu, ba a yarda ya shiga cikin kaya a jirgi ba. Ita ta zaunar da tankar cikin soson da ta yanka mata, ta gyara kowace sarƙa a gurbinta, ta rufe, ta karɓi salatif daga hannun Kabir ta manne bakin. Mahaifinta na ta sa albarka a waya har katinta ya ƙare. Alhaji ya ce ta gaida gida, ya riga ya juya yana tambayar ko an kawo sauran yadin.

Ta sauko hannu rabbana. Datti na hango ta ya miƙe, ya dubi hannuwanta, ba tanka ba kwali. Ta jira ya ce ai ya gaya mata, ta ga ma ya cancanci ya faɗa. Duk makon nan da kalma ɗaya take kiransa a ranta, matsoraci, ta lalubo ta yanzu don ta jefe shi da ita, sai ta ji kunya ta rufe ta, don ba ta ga ta inda kalmar ta bar ta ba. Shi ya yi kyautar cikin rashin sani. Ita da saninta ta yi, har da naɗewa.

Datti ya matso, ya rage murya, idonsa na ƙyalli.

"Ya tambaye ni?"

Alhaji bai tambaye shi ba, da wuya ma in ya riƙe sunansa. Wayarta ta yi ƙara a jaka, ta duba. Farfesa Azlina ce, tana cewa an cika kwamin da laka, gobe ta zo da wuri su gwada kafin baƙi su iso. Rufaida ta mayar da wayar, ta dubi mijinta daga hula har takalmi.

"Bai tambaye ka ba," ta ce. "Amma kada ka damu, Abban Zahra. Na yi duk abin da za ka yi, har na fi ka."